Kujerar Gefen Kyamara

Masu bina a shafin nan, sannunku da haƙuri. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, sunana Unaisi, ina zaune gidan iyayena a Nasinu, ina aiki da wani ɗan ƙaramin kamfani a Suva, babban birninmu, da ke haɗa wa gidajen talabijin shirye-shirye. Ba na riƙe kyamara, fuskata ba ta fitowa a allo. Ni ce mai nemo mutumin da za a yi hira da shi, in lallaɓa shi har ya yarda, in kuma tsare shi kada ya sulale ranar ɗauka. Ƙawayena cewa suke yi ana biyana ne don in sha shayi a gidajen mutane. Ban cika ja da su ba.

Ranar Laraba na dawo gida da yamma, takalmi a hannu saboda ruwan da aka wuni ana tafkawa. Ina shiga na ga an shimfiɗa tabarmar nan mai gezar ulu ja da kore, wadda mahaifiyata, Nana kamar yadda muke kiran uwa, ba ta fiddowa sai da babban dalili. Kofunan baƙi masu zanen fure suna kife a bakin famfo. Babana na zaune a ƙasa ya jingina da bango, sanye da sulunsa na zuwa coci, zanen nan da mazanmu ke ɗaurawa, alhali ba Lahadi ba. Ƙanwarsa kuwa, Nei Torika, ta cika kujerar falo dam, tana fifita da murfin kwali.

"Ga amarya nan," in ji ta. "Taka a hankali, kada ki zame ki karye mana tun ba a kai ki ba."

Sai a lokacin idona ya kai kan abin da ke gaban babana. Tabua ne, haƙorin irin kifin nan da ya haɗiye Yunusa, ya yi jawur don tsufa da shafar mai, igiyarsa ta ɓawon kwakwa a naɗe a gefe. Kowa ya san ba a shigo da tabua gidan mutum don a tambayi lafiyarsa.

"Nana, wa ya mutu?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi," ta ce daga ƙofar kicin. "Mutanen Kadavu ne suka zo da hantsi, baffannin Sairusi. Ke suke nema masa."

Na ajiye takalmana a bayan ƙofa, na jera su sosai, na nemi gefen tabarma na zauna. Abin da ya fara zuwa raina shi ne ɗaukar da za mu yi ranar Asabar. Ku yi mini duk fassarar da kuka ga dama, amma gaskiyar ke nan.

Bari in gaya muku wane ne Sairusi. Manomin yaqona ne, saiwar nan da ake dakawa a jiƙa a sha a wurin taro, a wani ƙauye na tsibirin Kadavu, ƙauyen da teku ta yi ta ci a hankali har mutanen suka tattara suka koma kan tudu. Da suka kwashe gidaje da coci, sai kaburbura suka rage. Sairusi da hannunsa ya tono mahaifinsa ya hau da shi. Shirin da muke haɗawa a kan wannan ƙaura ne, kuma daraktanmu Shalendra ya faɗa tun farko cewa in babu bakin Sairusi, abin da muke da shi hoton ruwa da bishiyar kwakwa ne kawai. Wannan ne kuma karo na farko da za a rubuta sunana a matsayin furodusa.

Kiran farko da na yi masa, ina faɗin sunan kamfaninmu ya kashe wayar. Ban ji haushi ba. A sana'armu ba a tambayar mutum abin da ake so a ranar farko, ko ta biyu. Na sake kira na tambaye shi yadda ake gane saiwar yaqona ta isa tono. Na koyi sunan mahaifiyarsa, da na karensa, da ƙafar da ke damun tsohuwar. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to mu da ita muke cin abinci. Tun kafin Ista nake wannan shimfiɗa, sai cikin watan nan ya ce mu zo da kyamarar.

"Miƙo wayar nan," in ji Nei Torika. Kafin in yi wani motsi ta fizge ta daga cinyata, ta ɗora tabarau a kan hanci, ta shiga karantawa da muryar mai wa'azi.

"'Barka da asuba, Sairusi, ka karya kuwa?' Ji wannan. 'Yaya gwiwar Nanarka, ta shafa man da na aiko?' Har da aike! 'Na tuna yau ce ranar da babanka ya rasu, ina tare da kai.' Yarinya, ni da na tsufa a ɗakin miji, mijina bai taɓa samun rabin wannan daga wurina ba, kuma ga shi can da ransa."

"Nei, aiki ne. Haka nake yi wa kowa. Akwai wata tsohuwa a lardin Ra, ita ma kullum sai na tambaye ta kajinta."

"Tsohuwar ta aiko da tabua?"

"A'a."

"To, kin gani. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka." Ta ci gaba da jan allon da ɗan yatsa. "Kai! Ga hoton ɗaki yana ginawa. 'Tagar nan teku take kallo.' Ke kuma me kika ce? 'Ya yi kyau ƙwarai, mai shiga ɗakin nan ya huta.' Ke da bakinki! Mutum da gona, da kwalekwale mai inji, ba ya shan giya, yana waƙa a coci. Me kike jira, mai karanta labarai ya fito daga akwatin ya aure ki?"

Na tuna saƙon. A cikin bas na rubuta shi, tsakanin wani saƙo zuwa ga mai hayar fitilu da wani zuwa ga tsohuwar Ra.

Sai da ƙanwarsa ta gaji babana ya yi magana. Shi mutum ne da ke auna magana kamar mai sayenta.

"Na riƙe, ban amsa ba," ya ce. "Na roƙi arziki su ba ni zuwa Lahadi bayan coci, suna nan gidan danginsu a Suva. In a'a ce, kin san ba a mayar da shi haka kawai. Sai na nemo wani tabuan na haɗa, in je in durƙusa gaban mutane."

"A'a ce, Tata."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai. Nana ta ce za ta kira yayanta, Momo Isikeli, wato kawuna, shi ne mai ajiyar irin waɗannan a ƙasan akwati. Nei Torika ta ja tsaki ta ce a zubo mata rogo da kifi, ita dai ta gama nata.

Washegari na sami Shalendra a ɗakin tace hoto, cikin sanyin na'ura, yana cin gurasar roti da miyar kabewa daga cikin takarda. Na gaya masa komai a tsaye. Ya daina tauna.

"Yaushe za a ba su amsa?"

"Lahadi."

"Mu kuma Asabar muke ɗauka." Ya buɗe hannuwa. "To ina matsalar? Allah ma yana son shirin nan."

"Zai zauna gabana yana ɗauka matarsa yake gaya wa."

"Una, ban ce ki yi ƙarya ba. Ki yi murmushin da kika saba, ki zauna a wurinki, ya yi magana, mu naɗe wayoyinmu. Lahadi ta zo ta yi abin da za ta yi. In kika buɗe baki kafin nan, mutumin nan zai tashi, ƙauyen duka zai tashi tare da shi. Tashar talabijin ta ba mu gurbi, in muka zo musu hannu rabbana ba za su sake ɗaga wayarmu ba."

"In ya gane daga baya fa?"

"Daga baya hoton yana hannunmu."

Kada ku ɗauki Shalendra mugu. Mutum ne da ya san haske da inuwa fiye da kowa a Suva, amma in ka bar shi da baƙo minti kaɗan sai baƙon ya tuna yana da uzuri. Shi ya sa ya ɗauke ni aiki. Kuma lissafinsa daidai ne, na auna shi ta kowace fuska a cikin jirgin ruwa ban sami inda ya karkace ba.

Da safiyar Asabar kwalekwale ya sauke mu a bakin ƙauyen. Na sa sulu jaba, wato riga da zane, ruwan ƙasa mai ɗigon fari, mafi rashin ado a cikin kayana, na sauke jaka daga kafaɗa, na tuna wa mai ɗaukar hotonmu ya cire hula, don haka al'adar shiga ƙauye take. Muka kai wa mai gari ƙunshin yaqona, aka tafa, aka karɓe mu. Ina fitowa daga zauren mata suka yi mini caa. Mahaifiyar Sairusi ta taho tana ɗingishi, ta rataya mini furanni a wuya, ta shafe mini hannuwa da man kwakwa har gwiwar hannu.

"Ku duba hannun nan," in ji wata. "Wannan zai iya kankare kwakwa kuwa?"

"Za ta koya. Ke da wuƙa aka haife ki?"

"A bar ta ta huta, 'yar birni ce, sai ta shekara tana tambayarmu ko mun karya."

Suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Dariya da mutane tana cikin aikin, kuma ta fito mini sumul kamar kullum.

A tsohon ƙauyen za mu ɗauka, can ƙasa inda ginshiƙan gidaje suka rage a tsaye cikin laka. Ruwa ya janye, dole mu gama kafin ya dawo. Sairusi yana can yana jiranmu, dogo, shiru, cikin sabuwar riga shuɗiya mai furanni wadda har yanzu layin ninkin leda bai bar jikinta ba. Aka zaunar da shi a kan kututture. Shalendra ya dasa kyamara, ya ajiye 'yar kujera dab da ita. Wanda ake hira da shi ba ya kallon gilashin kyamara, don ba mai iya buɗe cikinsa ga gilashi. Fuskar mutum ɗaya yake kallo, wanda ke zaune a gefenta. Wannan kujerar tawa ce.

Na durƙusa gabansa da makirufo, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, na zura wayar ta cikin rigarsa na maƙale a ƙasan maɓalli.

"Baffannina sun kira," ya ce ƙasa-ƙasa. "Sun ce babanki mutumin kirki ne. Har da burodi da bota aka ba su."

Yana murmushi. A duk watannin nan ban taɓa ganin haƙoransa ba, murya kawai na sani da hotunan gona.

Na kai hannu bayan ƙugunsa, inda ɗan akwatin makirufon ke rataye, na kashe. Daga nesa na ga mai sautinmu ya ɗago yana bubbuga abin kunnensa. Shalendra ya dube shi, ya dube ni, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Sairusi, amsar da za a kai wa baffanninka gobe a'a ce. Ni na ce a'a, ba babana ba. Ban so ka ji ta bayan ka gama ba mu abin da muka zo nema."

Murmushin bai tafi nan take ba, sai da ya ɗan tsaya a fuskar kamar bai ji an sallame shi ba.

"Kiran da kike yi fa?"

"Aikina ne."

"Gwiwar Nanata?"

"Na damu da gwiwarta da gaske. Amma ina tambayar ta wasu ma."

"Su wa?"

"Duk wanda zai zauna inda kake zaune."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Ashe layi ne. Ni na ɗauka ni kaɗai ne a asibitin." Ya shafa kansa. "Lallai kin iya aikinki, Unaisi."

"In ka fasa, ba mai ganin laifinka. Ni zan gaya musu, mu kwashe kayanmu."

Ya juya yana kallon teku. Ina jin Shalendra a bayana yana sauke numfashi kamar wanda ya hau tudu da buhu. Na riga na fara tsara yadda zan ba mai gari haƙuri, da abin da zan rubuta wa tashar ranar Litinin.

"Da asuba na hau wurin kabarin babana," Sairusi ya ce, "na gaya masa yau zan faɗa. Ba a yi wa wanda ya kwanta alkawari a fasa. Kunna abinki."

Na kunna. Na miƙe zan nufi kujerata.

"Amma ba ke za ki zauna can ba," ya ce. "In na ɗaga ido ban san wa zan gani ba, ke ko aikinki. Mai gemun nan ya zauna."

Haka Shalendra ya sami kansa a 'yar kujerar da ba ta ɗauki rabinsa ba, gumi na bin wuyansa, yana laluben tambayoyi a waya. Ni kuma na koma bayan akwatunan kaya, mai sauti ya miƙo mini abin kunne na biyu. Daga nan gefen fuskar Sairusi kawai nake gani.

"To," in ji Shalendra, "gaya mana yadda ka ji."

Na runtse ido. Babu tambayar da ta fi wannan kashe hira, ko ɗan koyo ya sani.

Sairusi ya yi magana. Ya ce sun jira ruwa ya janye kamar yau. Ya ce da shebur suka fara, da suka yi nisa ya kori kowa ya ci gaba da hannu, don kada ƙarfe ya taɓa tsohon. Ruwa yana tsattsafowa cikin ramin yana kwashewa da ƙoƙon kwakwa. Ya naɗe abin da ya samu cikin farin ƙyalle da tabarma, ya goya. Ya ce nauyinsa bai kai na jariri ba, mutumin da a da yake ɗaga injin kwalekwale shi kaɗai. A hanya yana yi masa bayani: ga mangwaron da ka dasa, ga inda makaranta ta koma, yi haƙuri na tashe ka. Waɗannan duk na san su, ni na tattaro su ɗaya bayan ɗaya a waya. Sai ya ƙara abin da bai taɓa gaya mini ba. Ya ce da ya isa kan tudu, sabon ramin na jira, mutane na waƙa, sai ya wuce su ya ci gaba da tafiya har bayan gonaki, don bai so ya sauke shi.

Muryar tana cikin kunnena, kusa fiye da yadda ta taɓa zama. A da, duk abin da ya faɗa ina jin sa ne ina auna inda zai shiga a shiri. Yau ba ni da abin aunawa, sai na ji mutumin kawai. Mai sauti yana share ido da bayan hannu. Ni ban yi kuka ba. Kishi na ji, in gaya muku gaskiya, kishin Shalendra, ƙato mai gumi da bai san sunan karen gidan ba, don shi ake kallo.

Ruwa ya fara lasar ƙafar kyamara lokacin da aka ce a tsaya. Shalendra ya taso ya riƙe kafaɗuna yana girgiza ni. "Mun samu, Una! Kin kusa kashe ni, amma mun samu. Sunanki da manyan baƙi zan sa." Na ce na gode.

Ba mu tsaya cin abinci ba saboda jirgi. Mahaifiyar Sairusi ta biyo mu bakin ruwa da kwandon gwaza da gasasshen kifi a ganyen ayaba, tana cewa ɗiyata ki kai wa Nanarki, ki ce ina nan tafe. Ɗanta bai gaya mata ba tukuna. Shi ya ɗauko mana ƙafafun kyamara ya sa a kwalekwale, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da musabaha. Da ya zo kaina ya ba ni hannu biyu, ya ɗan rusuna, irin gaisuwar da ake yi wa jami'in gwamnati.

"Mun gode da zuwa, Malama furodusa. A gaida mutanen Suva."

Ya tura kwalekwalen har ruwa ya kai masa ƙugu, sabuwar rigar ta jiƙe, ya saki ya juya.

Injin na tashi wayata ta yi ƙara. Saƙon Nana ne.

"Momonki ya kawo tabua, ga shi nan gaban babanki. Gobe daga coci za su wuce su kai a'ar. Babanki ya ce in sake tambayarki, don in an kai an kai."

Furannin wuyana sun fara yaushi, man kwakwa na sheƙi a hannuna har allon wayar ya yi maiƙo. Na goge shi da gefen suluna. Na rubuta, "Ku dakata," na tura kafin in karanta.

Amsar ba ta ɓata lokaci ba, kuma na san Nei Torika na leƙe ta kafaɗarta.

"Mu dakata har yaushe? Me ya ce miki?"

Na ɗaga kai. Sairusi yana can ya kama hanyar tudu, mahaifiyarsa na dafe da hannunsa, ya sunkuyo yana yi mata magana. Na ga tsohuwar ta tsaya cak a tsakiyar hanya, ta waiwayo tana kallon kwalekwalenmu. Shi bai waiwayo ba.